Abin da Ɗan Kogi Zai Tarar a Tekun Ada

Ada Foah gari ne a Ghana, kimanin kilomita 100 gabas da Accra, daidai inda Kogin Volta ke zuba cikin Tekun Atlantika. Daga nan ƙauyukan masunta irin su Azizanya da Totope ke jere a kan siririn yashi, teku na gabansu, kogi ko fadamar gishiri ta Songor na bayansu. Bahaushen da ya taso yana jefa fatsa a gulbin Kebbi, idan wani aboki ya gayyace shi irin wannan ƙauye, zai iso da tunanin ai su ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Kafin hantsin ranar farko zai sauya shawara.

Da farko dai ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Gulbi kan cika da damina ya janye da rani, amma teku sau biyu yake cika ya janye a kwana guda, kuma kullum lokacin cikar yana jinkirtawa da kusan minti 50. Wata ne ke jan ruwan. Wanda ke lissafi da watan Musulunci ya samu sauƙi a nan, domin cika mafi ƙarfi tana zuwa ne wajen tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata. Lokacin da ruwa ke tafiya, musamman a bakin kogi, shi ne kifi ya fi cin ƙugiya. Shi ya sa mai masauki zai iya tashin baƙonsa kafin asuba yau, bayan kwana uku kuma ya ce a dakata sai rana ta ɗaga.

Sai shiga jirgi, wanda shi ne babban aiki. Cikin kwale-kwalen masuntan Ghana daga gungumen itace ɗaya ake sassaƙa shi, itacen da suke kira wawa, sannan a ƙara katako a gefe a ɗaura inji. Ba tura shi kawai ake yi ba. Matuƙi zai tsaya yana kallon raƙuman ruwa suna fashewa, yana jiran ɗan sararin da ke tsakanin manya, da ya ba da murya kowa ya tura ya ɗare. Baƙon da ya tsaya naɗe ƙafar wando, ruwa zai yi masa wanka har ka.

Can ciki kuma jiri na jiransa. Ba rashin jarumta ba ne: kunnen ciki na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki na lilo, ido kuwa yana kallon cikin jirgi yana cewa komai na tsaye, sai zuciya ta tashi. Abin da ke taimakawa shi ne a kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa, a guji sunkuyawa kan waya, kada a fito da yunwa kuma kada a cika ciki da maiƙo. Wasu kan tauna citta. Dariyar masunta kuwa ba ta da magani, sai haƙuri.

Tana ba ta da aiki a nan, da jatan lande da yankan ƙaramin kifi ake ɗana ƙugiya. Kifayen ma wasu ne daban. Akwai barakuda, dogo mai haƙora kamar na zarto, wanda ke datse zaren fatsa idan ba a sa waya kusa da ƙugiya ba. Akwai jan kifin da ke zama kusa da duwatsun ƙasan ruwa. Abin da ya fi cutar da baƙo shi ne wanda ya yi kama da na gida: tarwaɗar teku tana da ƙaya mai dafi a baya da gefe, kuma wanda ya cafke ta yadda ya saba cafkar ta gulbi zai kwana da kumburarren hannu. Idan abokinsa ya ce "ɗan'uwa, kar ka taɓa, bari in cire maka", to ya janye hannu.

A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35. Ana alwala da shi, amma shan sa ƙishi yake ƙarawa, don haka jarkar ruwan sha ta riga komai shiga jirgi. Ƙugiya da wuƙa kuwa in ba a ɗauraye su da ruwan daɗi ba, tsatsa ba ta ɓata lokaci.

Tekun yana da masu shi. A yawancin garuruwan gaɓar Ghana ba a fita su ranar Talata, ranar gyaran koma ce da hutu, kuma kowane gari na da shugaban masunta mai yanke hukunci, kwatankwacin sarkin ruwa. Kunkurun teku da ke zuwa yin ƙwai a yashin Ada doka ta hana kama shi. A 2019 gwamnati ta fara rufe teku na wata guda ga masu kwale-kwale, saboda ƙananan kifayen da jama'a suka dogara da su, irin su sadin, sun ragu ƙwarai. Mai shirin tafiya ya fara tambayar abokinsa ko lokacin a buɗe yake, tunda tsarin kan canza daga shekara zuwa shekara.

Da jirgi ya dawo, hukunci ya koma hannun mata. Su ke saye, su ke yanka farashi, su ke banda. Murhun da suka fi amfani da shi ana kiransa Chorkor, sunan unguwar Accra inda aka ƙirƙiro shi a 1969: ana jera faifan raga hawa-hawa a kan murhu ɗaya, hayaƙi ya ratsa su duka da itace kaɗan. Baƙon da ke son kai tsaraba zango ko arewa, gara ya miƙa musu abin da ya kama tun da ɗanyensa, domin a zafin gaɓar teku kifin da ya yini ba ƙanƙara ba ya kai gobe.