Faten Dankali da Ƙiba: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Da zarar likita ya ce wa mutum ya rage ƙiba, ko gwaji ya nuna sukarinsa ko jininsa ya hau, dankali na cikin abubuwan farko da ake sallama daga gidan. A daina faten, a daina dafaffen, a koma ga abin da ba lallai ya fi shi ba. Alhali in aka zauna aka yi lissafin abin da ke cikin tukunyar fate, za a tarar dankalin ba shi ne babban mai laifi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne man da aka kwarara masa, da yawan abin da aka zuba a kwano, da abin da aka kora da shi. Duka ukun kuwa suna hannun mai girki da mai ci.

Lissafin tukunya

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Abin da jiki ya ƙona wajen aiki ya tafi, abin da ya yi saura kuma sai ya taru ya zama kitse. Baligi mai matsakaicin aiki yana buƙatar kalori tsakanin 2,000 da 2,500 a yini.

Dankalin turawa, wanda akasarinsa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi na Jihar Filato ake kawo mana shi, kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne. Giram 100 na ɗanyensa kalori 77 ne, dafaffensa kuma bai kai 90 ba. Dankalin Hausa ma bai yi nisa da haka ba. Dafaffiyar shinkafa mai nauyin haka ta kai 130, farin burodi ya haura 250. Shi kuwa mai, manja ne ko man gyaɗa, babban cokali ɗaya kalori 120 ne.

A ɗauki gidan da ke dafa kilo biyu na dankali. Dankalin kaɗai kalori 1,540 ne. In aka juye masa gwangwanin madara guda na mai, wanda ya kai kimanin cokali goma, an ƙara 1,200 ke nan, tukunya ta tashi a 2,740. In aka tsaya a cokali uku, ta tsaya a 1,900. An sauke 840 ba tare da an cire ko ɗan dankali ɗaya ba. Soyayyen dankali kuwa nan lissafin ya fi muni, domin giram 100 yakan haura 300.

Turawa ma abin da ke damunsu ke nan da nasu murjajjen dankalin, wanda suke haɗawa da bota da madara. Shahararren mai girkin Faransa, Joël Robuchon, ya yi suna da irin nasa, inda ake zuba giram 250 na bota a kilo ɗaya na dankali. Botar kaɗai ta kusa kalori 1,800, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin dankalin. A gefe guda kuma, wani bincike da aka yi a Jami'ar Sidni ta Ostireliya a 1995 ya gwada abinci iri 38 don ganin wanne ya fi ƙosarwa. Dafaffen dankali ne ya zo na ɗaya, ya ninka farin burodi fiye da sau uku.

Kauri da ɗanɗano ba daga mai suke ba

Kaurin fate daga sitacin dankalin yake fitowa. Idan ya nuna, uwargida ta murje kaɗan daga ciki da bayan ludayi ko muciya, ta juya, romon zai kama jikinsa. Mai sai a auna shi da cokali, kada a tsiyaya daga bakin kwalba, domin ido ba ya riƙe ƙidaya. Cokali biyu ko uku sun isa soya albasa da jajjage. Akwai kuma masu barin man sai an kusa saukewa su zuba kaɗan a sama, ta yadda ƙamshinsa zai fito fili ko da bai da yawa.

Ɗanɗano yana zuwa daga daddawa, tafarnuwa, citta, masoro, albasar da aka bari ta yi laushi, da busasshen kifi. In da romon nama za a yi, a bar shi ya huce, a kwashe kitsen da ya taso sama.

Ba a cire mai gaba ɗaya, domin jiki na buƙatar kaɗan kafin ya iya tsotse bitamin A daga karas da ganye. Manja da man gyaɗa ƙarfinsu ɗaya ne, sai dai kusan rabin manja nau'in kitse ne mai daskarewa, wanda yawansa ba ya yi wa jijiyoyin jini kyau. Man shanu ya ma fi shi a nan. Masu ɗora manja a wuta har ya yi hayaƙi ya washe, su sani jan da suka kora shi ne sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A.

A cika tukunya da kayan lambu

Bayan rage mai, hanya ta biyu ita ce a rage dankali da kamar kashi ɗaya cikin uku, a cike gurbin da kayan lambu. Kabeji giram 100 kalori 25 ne kacal, kabewa 26, tumatur 18, alayyahu ma bai wuce nan ba. Kwano zai cika, ciki zai cika, nauyin kuma ya ragu.

A wannan fanni mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba su da uzuri. Daga Hunkuyi zuwa Tashar Yari har Paki, noman rani ya zauna da gindinsa a fadamu, kuma yawan tumatur na yankin ne ya sa gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa masana'antar sarrafa shi a Ikara. Abin da ake lodawa a mota zuwa Zariya da Kano da Kudu, ya kamata tukunyar gida ta fara samun rabonta. Lokacin da kaya suka yi tsada, kauɗar tumatur da busasshen zogale suna maye gurbi.

Kabewa tana narkewa ta ba fate laushi da launi, har a ɗauka manja ne ya ji. Karas da kabeji a sa su bayan dankali ya fara laushi. Alayyahu da zogale kuwa sai an kusa saukewa, saboda doguwar dahuwa na cinye amfaninsu. Wake ba ya rage kalori, amma yana gina jiki, yana riƙe ciki, yana kuma rage saurin hawan sukari. Haka dafaffen ƙwai da kifi. Mai son ya murje dankalinsa lukui irin na Turawa, nono marar sukari zai ba shi santsin da bota ke bayarwa.

Akwai kuma dankalin Hausa mai ciki ruwan lemo, wanda cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike ta fara fitar da irinsa a Najeriya daga 2012. Yana da wadatar sinadarin bitamin A, yana kuma yin fate mai kyau, musamman ga yara.

Fera da murjewa

Fera mai kauri asara ce, domin ɓawon na ɗauke da harzar da ke taimakon hanji. A wanke da kyau a kankare sama-sama, ko a dafa da ɓawon sannan a ɓare. Dankalin turawan da ya yi kore ko ya fitar da tsiro yana da guba wadda dahuwa ba ta kashewa. A yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar. Ajiyarsa a wuri mai duhu da iska.

Mai ciwon sukari ya lura: gwargwadon yadda aka narkar da dankali, gwargwadon saurin da zai zama sukari a jini. Faten da aka bar masa gaya-gaya ya fi wanda ya koma kamar kunu. Dankalin da ya yi sanyi bayan dahuwa, wani sashe na sitacinsa yakan ƙi narkewa da wuri, sai dai taimakon kaɗan ne, kuma bai kai a bar abinci ya kwana a zafi inda babu firij ba.

Gishiri da abin korawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen magi gishiri ne mafi yawan abin da ke cikinsa, kanwa ma a sahunsu take. In an sa dunƙule a rage gishiri, in daddawa ta ji a rage dunƙulen.

Kwalbar lemo mai rabin lita tana da sukarin da ya haura giram 50, kimanin kalori 200, wato ta mayar da kusan cokali biyu na man da aka rage. Zoɓo da kunun zaƙi ma haka suke in an cika musu sukari. Mazarƙwailar Makarfi kuwa, duk da daga raken gonarmu take, jiki a matsayin sukari yake karɓar ta. Cin fate da burodi shi ma sitaci ne a kan sitaci. Kuma mai neman rage ƙiba gara a zuba masa nasa kwanon, domin a faranti ɗaya da jama'a mutum ba ya sanin iya abin da ya ci.

Wa wannan shawara ta shafa?

Ba kowa ba. Manomin da ya wuni yana ban ruwa ko saran rake yana ƙona abin da mai zaman shago ko ofis ba ya ƙonawa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da mai ciki, da mai shayarwa, da wanda ya tashi daga jinya, ƙarin ƙarfi suke nema. Cikin jariri ƙarami ne, saboda haka ƙaramin cokali na mai a cikin murjajjen dankalinsa alheri ne gare shi. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa tukuna, domin dankali na da yawan sinadarin fotasiyam. Mai shan maganin sukari shi ma kada ya sauya cimarsa farat ɗaya sai da sanin likita.

Gida ɗaya yakan tara duk waɗannan mutane, kuma ba kowace uwargida ke da halin ɗora tukunya biyu ba. Mafita ita ce a dafa faten da ɗan mai da ganye mai yawa, sannan a ajiye soyayyen mai da albasa a ɗan kwano a gefe. Yaro da mai aikin ƙarfi a ƙara musu a kwanonsu, wanda likita ya ja wa kunne kuma ya ci nasa yadda aka sauke shi.