Tsofaffin Kuɗi a Nguru da Gashua: Shekarar 1780 da Ke Ruɗin Magada

A wasu gidajen Nguru da Gashua, a arewacin Jihar Yobe, akan tsinci tsofaffin kuɗin ƙarfe a ƙasan adaka idan an zo rabon gado. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne liyari, da Barebari ke kira gursu: faffaɗan kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, da shekarar 1780.

Wannan shekarar ce ke ruɗin magada. A cikinta sarauniyar ta rasu, amma aka ci gaba da buga kuɗin ba tare da an sauya ta ba, a Biyana, daga baya har a Roma, Landan da Bombay, domin fatake ba sa yarda da liyarin da kamanninsa suka sauya. Saboda haka mai yiwuwa liyarin da ke hannun mutum bai cika shekara ɗari ba. Abin da ya tabbata shi ne nauyinsa, kimanin giram 28, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ne. Ta hanyar Sahara, daga Tarabulus, ya riƙa shigowa Borno, wadda Galadimanta ke zaune a Nguru a da.

Anini da kobo masu huda a tsakiya kuwa na zamanin Turawa ne, sun kuma yawaita bayan layin dogo ya iso Nguru a 1930, cinikin gyaɗa da fatu ya bunƙasa. Masu tara kuɗin tarihi na sha'awar na 1936, masu ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya yi murabus a shekarar, Ingila kanta ba ta kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba.

Kuɗin Rumawan da, waɗanda aka fi tarawa a Turai, sunansu ne ya riga su isowa: dinarin azurfa da suka fara bugawa wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) shi ya zama dinari a Larabci, zinariya a Hausa.

Asara ta fi aukuwa wajen goge kuɗin da toka ko yashi, abin da ke kankare rubutu ya karya daraja, ko miƙa shi ga maƙerin fari ya narke ya yi zobe. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta kuma hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa.