Karatun Yaro Daga Tsakar Gida Yake Farawa

Ina godiya ga kwamitin wannan mujalla da suka sake ba ni fili a bana. Sun roƙe ni in rubuta wani abu a kan yadda iyaye za su taimaki 'ya'yansu da ke firamare. Da na zauna zan rubuta, sai hankalina ya tafi Yargalma, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara. Yawancin ɗalibanmu ba su yi wayo ba lokacin da sunan garin ya cika gidajen rediyo, don haka bari in fara da labarin.

A farkon shekarar 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a Yargalma da Dareta ta ƙasar Anka da wasu ƙauyuka na yankin. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai a rasa shi. An yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani, bai yi aiki ba. Likitocin ƙungiyar MSF suka lura da abin a watan Maris, da aka auna jinin yaran sai aka ga gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinariya cike yake da dalma. A kawo shi gida, a daka a turmi, a niƙa a inji, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa, yaro mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu a watan Mayu na shekarar ya nuna cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. A yankin gaba ɗaya an rasa yara fiye da 400.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Akwai maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma likitoci suka ce aikin banza ne a ba yaro magani ya koma gidan da ƙurar take. Sai da aka kankare ƙasar gidajen, aka kwashe ta aka binne, aka zuba sabuwa. Da Yargalma da Dareta aka fara tun a 2010. Bagega kuwa sai a 2013 aka share ta, yaranta suna ta jiran magani. Ni ba likita ba ne, amma na ga aikinmu na malamai a cikin wannan. Yaro yana hannunmu awa biyar ko shida, sauran awa goma sha takwas yana gida. Abin da muka gina da safe, gida ne ke riƙe shi ko ya rushe shi kafin gari ya waye.

Dalma ba kisa kawai take yi ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta, komai ƙanƙantarsa, da aka san ba shi da illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ta ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Yaron da ta taɓa yakan kasa riƙe abin da aka koya masa jiya, ya kasa zama wuri ɗaya, wani ma jinsa ya ragu. A aji sai a ce daƙiƙi ne, a gida a ce taurin kai ne, a haɗa masa bulala biyu. A shekarun farko na aikina ni ma na bugi yaran da ban tsaya na binciki damuwarsu ba, kuma har yau abin yana damuna. Ba kowane yaro mai jinkirin ganewa ne ya sha dalma ba. Wani ba ya ganin allo sosai, wani kunne ne, wani tsutsar ciki, wani yunwa ce kawai. Kafin uba ya ɗauki bulala, ya tsaya bayan yaron ya kira sunansa a hankali ya ga ko zai juyo. Ya tambayi malami a ina yaron yake zama a aji. In abin ya ci gaba, asibiti za a je.

Haƙar zinariya ba ta tsaya ba. Gwamnatin Tarayya ta hana ta a Zamfara a 2019, ta kuma ɗage hanin a ƙarshen 2024. Ba zan ce wa magidanci ya bar hanyar cin abincinsa ba, amma dutsen kada ya ƙetare ƙofar gida. Mai aikin ya yi wanka ya canja tufa kafin ya shigo, kada ya ɗauki jariri da rigar aiki. Turmin da aka daka dutse ya gama da hatsi har abada. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ci. Iyaye mata kuma su sani kwallin dutse da ake sa wa jarirai yakan ƙunshi dalma, haka ma tsohon batirin mota da yara ke wasa da shi. Wannan ya shafi har mu da ke nesa da wuraren haƙa.

Sai maganar abinci. Cikin da ba komai ya fi saurin shan dalma, kuma ko babu dalma, yaron da ya zo da yunwa kafin ƙarfe goma ya fara gyangyaɗi. Ɗumamen tuwo ko koko da ƙosai ya isa ya kai shi tashi. Wake, zogale, rama, nono da ƙwai in an samu, duk suna gina jini da ƙashi, ba sai an je birni an sayo ba. Abin da ya fi cutar da karatu a ƙauye kuwa shi ne fashi: yau ranar kasuwa, gobe shuka, jibi yarinya ta ɗauki talla tun da safe. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya yi shekara tara a makaranta kyauta, kuma dole. Amma doka ba ta tashin yaro daga barci. Wanda ke fashin kwana biyu kowane mako ya zubar da kusan rabin karatunsa. Talla in ta zama dole, a bar ta sai an taso.

Sau da yawa iyaye sukan ce mini, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Amsata ita ce ba a ce ka koyar ba, an ce ka tambaya. Ka ce, "Kawo littafinka in gani." Ko ba ka iya karatu ba, kana gane shafin da aka yi rubutu da wanda aka bari fari, kana gane jan biron malami. Ka sa shi ya karanta maka, ya bayyana maka da Hausa. Yaron da ya san Baba zai tambaya da daddare, zaman ajinsa daban ne. Uwa kuma tana da makaranta a hannunta ba ta sani ba. Tatsuniya tana koya wa yaro bin labari daga farko zuwa ƙarshe, kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, ƙirga awaki da awon tiya da lissafin canji kuwa su ne lissafin aji ɗaya da aji biyu. A kuma riƙa leƙa makaranta. Wasu iyaye ba ma ganinsu sai ranar da aka bugi ɗansu. Taron iyaye da malamai ba na karɓar kuɗi kawai ba ne.

Akwai wani nauyi da yaran yankin ke ɗauke da shi wanda ba a auna shi a jini, wato tsoro. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a watan Satumba kuma gwamnatin jiha ta rufe makarantu na wani lokaci. Yaron da ya taɓa kwana a daji ko ya ji ƙarar bindiga yakan koma fitsarin kwance, ko ya riƙa firgita, ko ya daina magana. Kada a yi masa dariya, kada kuma manya su riƙa ba da labarin hari a gabansa. In makaranta ta rufe, a tara yaran gida uku ko huɗu a zaure, wanda ya ɗan yi karatu ya zauna da su awa guda kullum, don kada haruffan su gudu.

A nan nake so ku shigo, ɗalibai. Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, wasunsu kusan tsararku ne. A gidaje da yawa ku ne na farko da suka kai sakandare. In kun je hutu, kowa ya zaɓi ƙane ko ƙanwa guda, ya zauna da shi bayan abincin dare, ya sa shi ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi. In kun dawo zan tambayi kowa sunan yaron da shafin da suka tsaya.