Karyayyar Wuƙa Ba Shara Ba Ce: Yadda Ake Tada Ta, Da Inda Bai Kamata A Yi Aikin Ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba.

Yau maganar wuƙa za mu yi. Wuƙar girki, wadda tsininta ya karye, ko ƙotarta ta fita, aka jefa ta bayan randa tana jiran ɗan gwangwan ya zo ya auna ta da kilo. Kusan kowane gida a Bagega akwai irinta ɗaya ko biyu. Ni kuma abin da nake so ku gane shi ne, ɓangaren da ya fi tsada a jikin wuƙa, wato ƙarfen da aka riga aka gasa aka ƙarfafa a masana'anta, yana nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya lalace shi ne siffa, ita kuwa siffa hannu na iya gyara ta.

Bari mu fara da ƙarfen. Me ya sa ƙusa ba ta riƙe kaifi amma wuƙa tana riƙewa? Sinadarin kabon ne, irin wanda ke cikin gawayi. Ƙarfen wuƙa yana ɗauke da ɗan kaɗan, wajen rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari. In aka gasa shi ya kai wajen digiri 800, aka tsoma shi cikin mai farat ɗaya, sai ya yi tauri har ya kusa zama kamar gilashi. Daga nan a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, ya ɗan saki, yadda ba zai tsage ba. Maƙeranmu ba su da na'urar auna zafi, da ido suke karanta launin ƙarfen a cikin wutar gawayin ƙirya, kuma suna dacewa. Shi ya sa suke neman sifirin mota da tsohon magagari ido rufe, ba sa kallon rodin gini.

To wuƙar da ta karye an riga an yi mata duk wannan aikin. Naka kawai kada ka ɓata shi. Zafi ne ke ɓata shi. In ka ɗora ta kan giranda ka danna, za ka ga bakin ya fara canza launi, daga ruwan ɗorawa zuwa ƙasa-ƙasa, sannan shuɗi. Da ka ga shuɗin nan, wurin ya kai wajen digiri 300, taurin ya tafi. Za ta yi kaifi yau, gobe ta dakushe a kan albasa. Maganin abu ne mai sauƙi: ajiye gwangwanin ruwa kusa da kai, ka riƙe ƙarfen yadda za ka ji zafinsa, ka goga kaɗan ka tsoma, ka goga ka tsoma. In ba ka gaggawa, dutsen washi da ruwa ya fi komai, don ba ya ƙona ƙarfe kuma ba ya tada ƙura. Ku riƙe maganar ƙurar nan, za mu dawo kanta.

Kafin ka fara, san irin ƙarfen da ke hannunka. Baƙar wuƙa mai tsatsa, irin ta mahauta, maƙeri zai iya sake gasa ta in ta kama. Ga wata dabara: in ƙarfen ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, ya kai digiri 770, ƙara kaɗan ka tsoma. Amma farar wuƙar kanti mai sheƙi, wadda ba ta tsatsa, tana da sinadarin kuromiyam fiye da kashi goma cikin ɗari, kuma ƙarfafa ta na buƙatar zafin da ya haura digiri 1,000 da lissafi na daidai. Ita kam kada ka sa ta wuta ko kaɗan. Goga ta a sanyi ka bar ta.

In tsini ne ya karye, yawancin mutane bakin suke ci, suna jan kaifin sama don su fitar da sabon tsini. Wahalar banza ce, don kana shiga cikin kaurin ƙarfe, sai ka sake fere shi gaba ɗaya. Ci bayan wuƙar, ka sauko da shi ya tarar da kaifi. Ka zana layin da alli tukuna. Abin da za ka samu wuƙa ce gajeriya mai dunƙulallen kai, wadda ta fi daɗin yanka kuɓewa da feraye dankali. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a halin da Zamfara take ciki, saurayi da doguwar wuƙa mai tsini a aljihu a shingen bincike na hanyar Anka, bayani zai yi har ya gaji. Yi ta gajeriya, ka bar ta a madafi.

In kuwa ƙota ce ta fita ko wutsiyar da ke shiga cikin ƙotar ta gutsure, sai ka sadaukar da wani ɓangare na ruwan wuƙar. Ka dakusar da kamar tsawon yatsa daga gindi, ka rage faɗinsa, ya zama sabuwar wutsiya. Inda wutsiyar ta haɗu da ruwan wuƙa kada ka bar kusurwa mai kaifi, ka lanƙwasa wurin, don daga irin wannan kusurwar tsagewa ke farawa. Nemi busasshen icce mai tauri, ka huda shi, ka cusa, ka sa gam mai ƙarfi irin mai kwalba biyu da ake gaurayawa. Washin ƙarshe kuma, kwantar da wuƙar kan dutse wajen digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, har ka ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya lanƙwaso ɗaya gefen, sannan ka juya. In ka ga tsaga ta ratsa tsakiyar ruwan wuƙar, wannan kam bar wa ɗan gwangwan.

Yanzu ga inda namu ya bambanta da bidiyon da kuke gani a YouTube. Mai bidiyon nan ba a Bagega yake ba.

Ƙannenmu da yawa ba su da wayo a 2010, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Gubar dalma ce. Duwatsun zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, wani lokacin da turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta sauka tsakar gida, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Bagega ce mafi girma cikin garuruwan da abin ya shafa, ita ce kuma aka bari a baya. Sai da matasa irin su Hamzat Lawal suka tada gangamin #SaveBagega a intanet, ƙungiyoyi suka matsa, sannan gwamnatin tarayya ta saki kuɗi a farkon 2013. Aka bi gida-gida ana kankare saman ƙasa ana zuba sabuwa, kafin a fara ba yara magani, don ba amfanin wanke jinin yaro ya koma ya zauna cikin gubar.

Wani zai ce, to mene ne haɗin wannan da wuƙa? Ƙarfen wuƙa ai ba dalma ba ne. Haka ne. Amma wuƙa abinci take taɓawa sau uku a rana, kuma kayan aikin da ke kusa da hannunmu a garin nan, guduma, dutse, kwano, buhu, da yawansu sun yi aikin dutsen zinariya. In ka wasa wuƙar inna a kan dutsen da aka fasa ma'adini a kai, ka kai ƙurar cikin miya da hannunka. Dalma ba ta da wari, ba ta da ɗanɗanon da zai gargaɗe ka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da aka san ba ya cutarwa. Wanda ba ta kashe ba tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, abin da ta ɓata kuma ba ya dawowa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsohon batir. Yanzu da sola ta yawaita, mataccen batir ya cika gari, dalmar cikinsa kuma tana narkewa a digiri 327 kacal, wato gwangwani da gawayi sun isa. Sauƙin nan ne ke jan mutum ya narka ta ya zuba cikin ƙota don ta riƙe wutsiya ko wuƙar ta yi nauyi a hannu. Don Allah kada ku yi. Hayaƙin guba ne a gare ka, ƙotar kuma guba ce a hannun mai girki na tsawon shekaru. Haka tsohon ƙarfe mai fenti: fentin da yana iya ƙunsar dalma, in ka goge shi da giranda ka mai da shi ƙura. Tsomawa kuma, yi da man gyaɗa, ba baƙin man inji ba.

Saboda haka wurin aiki ya zama wajen gida, nesa da inda yara ke wasa da inda ake shanya. Dutsenka na washi ya zama na washi kaɗai. Rufe hanci da baki, kare idonka in da giranda za ka yi, don ɓarɓashin ƙarfe ba ya sallama. In ka gama, wanke hannu da sabulu, ka canza riga kafin ka ɗauki yaro. Ita ma wuƙar a wanke ta tas da sabulu kafin ta ga tumatir.

Mai son ya mai da abin sana'a, shawarata ya je ya zauna wurin maƙeri ko na wata biyu ne, ya ja zuga-zugi, ya ga yadda ake karanta wuta. Ana gab da Babbar Sallah kowane magidanci wuƙarsa yake nema, da yawa kuma sai ranar suke tuna cewa ƙotar ta fita tun bara. Mai dutse mai tsabta da guntayen icce busassu ba zai rasa aiki ba a makon nan.

Wanda ya gwada, ya turo mana hoton kafin da bayan. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.