Kasuwar Hasashe da Zaɓen Ɗan Majalisar Wakilai a Amurka

1.0 Gabatarwa

Duk mai bin labaran zaɓen Amurka a 'yan shekarun nan ba zai rasa jin an ce kasuwa ta ba ɗan takara wane kashi 70 cikin 100 ba. Mai sauraro yakan zaci ƙuri'u ake nufi, alhali kuwa ba haka abin yake ba. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen bayani ita ce a fayyace ma'anar wannan adadi, musamman idan ya shafi zaɓen mazaɓa guda ta Majalisar Wakilai, domin amfanin 'yan'uwa ɗalibai masu niyyar shiga aikin fassara da watsa labarai.

2.0 Yadda Kasuwar Take

Kasuwar hasashe kasuwa ce ta intanet wadda hajarta alkawari ne. Alkawarin kuwa shi ne, idan wane ya ci zaɓe za a biya mai riƙe da shi dala 1, watau senti 100. Idan ya faɗi, ko anini ba za a ba shi ba. Farashin yakan hau ko ya sauka gwargwadon yawan masu saye da masu sayarwa. Alal misali, wanda ya saya a kan senti 70, ribarsa senti 30 ce in hasashensa ya tabbata, hasararsa kuwa senti 70 in ya kuskure. Mai hankali ba zai shiga wannan ciniki ba sai yana ganin ɗan takarar zai yi nasara aƙalla sau bakwai cikin goma. Saboda haka ne ake karanta farashin a matsayin ma'aunin yiwuwar nasara.

Jami'ar Iowa ta buɗe irin wannan kasuwa a 1988 don nazari, ta kuma ƙayyade wa kowane mutum dala 500. A 2014 aka kafa PredictIt ƙarƙashin Jami'ar Victoria ta ƙasar New Zealand. A 2023 hukumar CFTC, mai kula da irin wannan ciniki a Amurka, ta hana kamfanin Kalshi sayar da alkawari kan jam'iyyar da za ta rinjaya a majalisa, tana mai danganta abin da caca. A watan Satumba na 2024 wata kotun tarayya ta ba Kalshi gaskiya. Hukuncin bai kawar da kamannin da mai karatu zai gani tsakanin wannan ciniki da caca ba. Mu dai a nan adadin kawai muke nazari.

3.0 Matsalar Mazaɓa Guda

Majalisar Wakilan Amurka tana da kujeru 435, ana zaɓensu duk bayan shekara biyu, jam'iyyar da ta sami 218 kuwa ita ke da rinjaye. Bisa ƙidayar 2020, kowace mazaɓa tana da mutane wajen 760,000. Mafi yawan kujerun an san jam'iyyar da za ta ci tun kafin ranar zaɓe, don haka hankali yakan koma kan 'yan ƙalilan da ake kankankan a cikinsu.

To, a nan ne ya kamata a yi hattara. Zaɓen shugaban ƙasa yana jawo dubban masu ciniki, amma mazaɓa guda ba ta samun haka. Kasuwar da ba ta cika ba, attajiri ɗaya ya isa ya ɗaga farashinta ko ya karya shi. Bugu da ƙari, ba safai ake yin ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a mazaɓa guda ba, sai masu cinikin su dogara da jita-jita ko da abin da zuciyarsu ke so. Ko a babban zaɓe ma kasuwa takan yi kure: a jajibirin zaɓen 2022 ta karkata ga cewa jam'iyyar Rifablikan za ta karɓe Majalisar Dattawa, amma Dimokurat ta riƙe ta.

Mu ɗauki mazaɓa ta 13 ta jihar Kalifoniya. A 2022 John Duarte na Rifablikan ya kayar da Adam Gray na Dimokurat da ratar ƙuri'u 564. A 2024 suka sake karawa, Gray ya rama da ratar ƙuri'u 187 kacal cikin fiye da 200,000, kuma sai a farkon watan Disamba aka tabbatar da haka, kusan wata guda bayan zaɓe. A irin wannan hali, idan ƙirga ya kusa ƙarewa kuma ƙuri'un da suka rage ba za su iya cike ratar ba, farashin mai rinjaye zai iya haura senti 95, alhali rabonsa na ƙuri'u bai wuce kashi 50 da ɗan ɗigo ba. Ke nan adadin kasuwa daban, adadin akwati daban.

Haka kuma faɗuwar mai senti 70 ba lalle ne ta zama shaidar kuren kasuwa ba. Idan ma'aunin yana da kyau, dole ne cikin 'yan takara goma masu wannan farashi wajen uku su sha ƙasa. Ba a gane ingancin kasuwa da zaɓe ɗaya, sai an tara da yawa an kwatanta.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, wajibi ne mai fassara ya guji cewa wane “ya sami” kashi 70, domin Bahaushe zai ɗauka an riga an ƙirga ƙuri'u. Ya fi dacewa a ce masu cinikin hasashe suna ganin damarsa ta cin zaɓe ta kai bakwai cikin goma, a kuma ambaci sunan kasuwar da ranar da aka ɗauko farashin, tunda yakan sauya cikin awa guda. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mutanen mazaɓa ta 13 sai da suka jira kusan wata guda kafin su san nasu.