Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba: Abin Da Na Gani A Wasan Sanɗa Na Ɗan Yayata

Wata safiya na dawo daga aikin dare a gajiye, na tarar da ɗan yayata da ke zaune a wurina ya duƙufa a kan tsohuwar laftop ɗin da na bar masa. Ban yi niyyar leƙawa ba, amma idona ya faɗa kan wata kalma da aka rubuta da manyan baƙaƙe: Thief. Ko wadda ba ta yi nisa a boko ba ta san ma'anarta ɓarawo. Gabana ya faɗi. Yaro ɗan shekara 16, amana a hannuna, ashe wasan ɓarayi yake yi?

Na ce masa, "Wannan kuma mene ne?" Ya ce, "Anti, ba abin da kike zato ba ne. Don Allah ki zauna ki gani." Na zauna ko kayan aiki ban tuɓe ba. Ashe wasan ma ba shi ya fi ɗaukar masa hankali ba. Gini yake yi a cikinsa.

Wane irin wasa ne?

Wani kamfani a Amurka mai suna Looking Glass Studios ne ya fitar da Thief: The Dark Project a 1998, sannan ya biyo da na biyu, Thief II: The Metal Age, a 2000. Jarumin wasan sunansa Garrett, kuma ba zan ɓoye muku ba, ɓarawo ne da ke shiga gidajen masu dukiya da dare a wani birni na almara. Abin da ya bambanta shi da wasannin harbe-harbe shi ne a nan faɗa ba riba. Sanɗa ake yi. Akwai wata 'yar alama a ƙasan allo da ke yin haske idan ka shiga fili, ta yi duhu idan ka laɓe a inuwa. Tafiya a kan kafet ba ta ƙara, amma a kan tayil ko ƙarfe masu gadi za su ji takunka. Akwai kibiyar ruwa ta kashe wutar da ke ci a bango, akwai ta gansakuka ta rage ƙarar tafiya. Idan aka zaɓi mataki mafi wuya, yawancin ayyukan ma sun haramta kashe mutum, wanda ya kashe ya faɗi.

Kamfanin ya rufe a 2000, amma kafin nan ya riga ya sakar wa jama'a manhajar da ma'aikatansa ke gina matakan wasan da ita, sunanta DromEd. Daga nan masoya wasan suka karɓi ragama. Sun gina ɗaruruwan sababbin matakai suna rabawa kyauta. A 2005 wata ƙungiyarsu ta fitar da Thief 2X mai matakai 13, wanda jarumarsa mace ce. A 2009 wasu suka fito da The Dark Mod, wanda ya zama wasa mai zaman kansa na kyauta a 2013, da tasa manhajar ginin, DarkRadiant. A ƙarshen 2023 kuma aka saki The Black Parade mai matakai 10, bayan shekaru ana aikinsa. Yawancin waɗannan mutane suna Turai da Amurka ne, kuma ba albashi ake biyansu ba. Cikin wannan sahu yaron nawa ya ɗora kansa, yana gina gidan wani attajiri mai bene ɗaya da masu gadi huɗu.

Tambayar da ba ta samu amsa ba

Ranar da na fara shiga harkar sosai, na same shi ransa a ɓace. Wani mai gadi da ya ajiye a farfajiyar gidan ya ƙi zagayawa, ya tsaya cak kamar gunki. Ya nemi taimakon waɗanda suka riga shi iyawa, kwana biyu ba wanda ya kula shi. Na ce ya nuna mini abin da ya rubuta. Layi ɗaya ne da Turanci, ma'anarsa: mai gadina ba ya aiki, a taimaka.

Na yi dariya, domin kullum ina jin irin wannan a asibiti. Mara lafiya zai zo ya ce, "Jikina ne ba daɗi." To ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Me ka sha? Me ka ci kafin ya fara? Sai an bi da waɗannan tambayoyi sannan ake gano bakin zaren. Bambancin kawai shi ne mu aikinmu ne mu yi ta tambaya, su kuwa waɗancan mutane taimakon sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin. Wanda bai yi bayani ba, sai a wuce shi.

Muka sake rubuta tambayar tare. Ya faɗi wasan da yake gina wa matakin da kuma gyaran da ya ɗora masa, domin tun 2012 akwai wani babban gyara mai suna NewDark da ya sa tsofaffin wasannin ke aiki a kan sababbin kwamfutoci. Ya faɗi abin da yake so mai gadin ya yi, da abin da yake yi a zahiri, da abubuwan da ya riga ya gwada, da abu na ƙarshe da ya canza kafin matsalar ta ɓullo. Ya haɗa da hoton allo. Washegari amsa ta zo: tunda ya sake fasalin farfajiyar, dole ya sa manhajar ta sake lissafin hanyoyin da masu gadi ke bi, in ba haka ba suna nan a kan tsohuwar taswira. Aikin minti biyu ne. Matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya iya tambayar.

Haka abin yake ga mai wasa da ya maƙale a matakin wani, ya rasa mabuɗi ko ƙofar sirri. A al'adarsu ba a zube masa amsar gaba ɗaya. Ana fara ba shi haske kaɗan, a ce ya sake duba ɗakin karatu, in bai gane ba a ƙara masa. Kuma ana rufe amsar don kada a ɓata wa wanda bai kai wurin ba. Wannan ladabi ya burge ni.

Ranar da gyara ya zo

Bayan wata uku ya gama ginin. Kafin a saki irin wannan aiki, akan ba wasu 'yan tsiraru su gwada, su nemo kurakurai. Mutum uku suka karɓi nasa. Ranar da sakamako ya dawo, yaron nan ya ƙi cin tuwon dare. Ya ce, "Anti, sun ce aikin duk bai yi ba. Na daina."

Na karɓi laftop ɗin na karanta da kaina. Ɗaya daga cikinsu ya jero gyara 19. A barandar sama haske ya yi yawa, babu inuwar da za a laɓe, don haka ba yadda za a wuce mai gadi. Ƙofar kicin tana buɗewa ta cikin bango. Ya ɗauki akwatin da aka ce a ɗauko, amma wasan bai nuna an cika aikin ba. A bayan rijiya akwai wurin da mutum ke faɗawa ya kasa fita. Kowane gyara da wurinsa da hotonsa. A farkon saƙon kuma ya yaba wasiƙun da yaron ya rubuta ya warwatsa a ɗakuna, ya ce su suka sa gidan ya yi kama da wurin da mutane ke rayuwa. Wannan yabon yaron ko ganinsa bai yi ba, idonsa ya tafi kan 19.

Na biyun ya rubuta layi ɗaya ne: ɓata lokaci.

Na ce masa, "Dubi nan. Wannan mai gyara 19 ya ba ka awanni daga rayuwarsa, ya shiga kowane lungu na gidanka. Shi ne masoyinka. Wancan mai layi ɗaya bai ba ka komai ba, don haka kada ka ba shi daren nan naka." Na ba shi labarin shekarata ta farko a aiki, yadda wata babbar nas ta dawo mini da rahoton miƙa aiki har sau uku saboda na rubuta wai mara lafiya ya samu sauƙi, ban rubuta zafin jikinsa da lokacin da aka ba shi magani ba. Na yi kuka a ranar. Yau kuwa in ina koya wa ƙananan ma'aikata, maganarta nake maimaitawa.

Ya gyara 16 daga ciki. Sauran ukun ya ce da gangan ya yi su haka, ya rubuta wa mutumin dalilinsa cikin ladabi, shi ma ya amince. Wannan ya fi komai faranta mini rai: ya koyi karɓar gyara, ya kuma koyi tsayawa a kan ra'ayinsa ba tare da faɗa ba. Yanzu shi ma yana gwada na wasu, kuma na ga yadda yake rubutawa. Yakan fara da abin da ya yi kyau, ya faɗi matsala da inda take da yadda za a sake ganinta, ya raba tsakanin abin da ya lalace da abin da shi ne kawai bai so ba. Ba ya taɓa mutuncin mai aikin.

Inda uwa za ta sa ido

Ban ce a sakar wa yaro linzami ba. Jarumin wasan ɓarawo ne, kuma mun zauna mun yi maganar a fili, cewa abin da ke cikin almara daban, haƙƙin mutane daban. Wasu matakan akwai fatalwa da gawarwaki masu tafiya da ƙungiyoyin bauta na ƙage, ba su dace da ƙananan yara ba. Matakan da masoya ke ginawa kuma ba wata hukuma da ke tantance su da shekaru, don haka ki sa ya nuna miki bayanin kowanne kafin ya sauke.

Waɗanda yake magana da su baƙi ne, yawancinsu manya. Dokarmu a gida ita ce ba sunan gaskiya, ba hoto, ba lambar waya, ba sunan makaranta ko unguwa. Duk wanda ya nemi su koma hira ta sirri a kan abin da bai shafi ginin ba, ni za a fara faɗa wa. Laftop tana kwana a falo, ƙarfe goma na dare an rufe ta, lokacin jarrabawa kuma ta shiga durowata. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, barcin yaro mai tasowa ba abin da nake wasa da shi ba ne.

Abu na ƙarshe, ki zauna kusa da shi ko da na minti goma ne, ki ce ya zagaya da ke cikin abin da ya gina. Ni da na yi haka, ni na gano masa cewa attajirin nasa yana da ɗakuna takwas amma babu banɗaki ko ɗaya. Ya yi dariya, ya ɗauko biro ya rubuta a matsayin gyara na 20.

'Yan uwa mata, in akwai wadda ɗanta ko 'yarta ke ƙirƙirar wani abu a waya ko kwamfuta, zane ne ko rubutu ko irin wannan gini, yaya yake ɗaukar gyara idan an yi masa? Ke kuma da wane baki kike yi masa naki?