Zaitun a Babban Giji: abin da ƙwallonsa ya ɓoye

A Kano, daga Babban Giji zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ba ka daɗewa kana neman man zaitun. Shagunan maganin Musulunci na jere shi kusa da zuma da habbatussauda. Bishiyar ce akasarinmu ba mu taɓa gani ba, duk da sunanta na bakinmu kullum a Suratut Tin da Suratun Nur. Shi ya sa nake jin daɗi idan wani ya ce zai shuka ƙwallonta a tsakar gida. Amma ya fara sanin waɗannan.

Ƙwallon zaitun na gwangwani ba ya tsira. Ɗanyen zaitun ɗaci gare shi, ba ya ciwuwa daga bishiya, sai an jiƙa shi a ruwan gishiri ko ruwan soda, galibi kuma a dafa gwangwanin kafin ya bar masana'anta. Wannan ke kashe ƙwayar da ke ciki. Sai ka samu nunanne, sabon tsinka.

Ko an samu, da sauran aiki. Ɓawon ƙwallon tauri gare shi, don haka akan tsaga bakinsa a hankali da filaya, a jiƙa shi kwana ɗaya, a binne cikin yashi mai danshi a wuri mai sanyi-sanyi. Yakan yi wata biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kafin ya leƙo.

Ɗan kuma ba ya gadon uwarsa. Kamar dai mangwaro: wanda ya fito daga ƙwallo daban, mai aure daban. Bishiyar ƙwallo takan shekara 10 ko fiye ba ta yi fure ba, 'ya'yanta kuma su zo ƙanana. Manoman Sifen, ƙasar da ta fi kowace samar da man zaitun, reshe suke dasawa ko su yi aure.

Babbar matsalar Kano ita ce sanyi. Zaitun na jure rana da ƙishi, amma ba ya fure sai ya sha makonni na sanyi mai ɗorewa, ƙasa da digiri 15. Hunturunmu na Disamba da Janairu yakan sauko nan da asuba, sai dai kafin azahar rana ta mayar da shi kusa da 30. Sannan lokutanmu a juye suke: a ƙasashen Bahar Rum ruwa da sanyi tare suke zuwa, zafi ya zo da fari; mu kuwa damina cikin ɗumi take. Ruwan Agusta da ya kwanta a bokitin da ba a huda ba ya fi zafin Afrilu saurin kashe shi. Ko a Saudiyya, manyan gonakin zaitun na Al-Jauf ne, can arewa inda ake sanyi na gaske.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Akwai zaitun na daji a Nijar, a kan duwatsun Azbin, arewa da Agadas, har da tsaunin Bagzan, sama da mita 1,400. Danginsa na nan a Hoggar ta Aljeriya da Jabal Marra ta Darfur, ragowar zamanin da Sahara ke da ruwa. Da wuya ya tsira daga ƙwallo yanzu saboda fari da kiwo. Daga gindi yake sake tofowa, tsara bayan tsara. Fatake sun yi ƙarnuka suna ratsa ƙasar nan zuwa Kano, bishiyar na tsaye bisa kansu.

Atile na Filato, wanda wasu ke kira zaitun ɗin Afirka, ba zaitun ba ne. Ɗan'uwan bishiyar hano ne.

Kore da baƙin zaitun ɗa ɗaya ne, nuna ce ta bambanta su. Cikin fure 100, ɗaya ko biyu ke zama 'ya'ya. Lita ɗaya ta mai na cin kusan kilo 5.

Tsawon rai kuwa, a 2012 masana sun auna uku daga tsofaffin bishiyoyin lambun Gatsemani a Ƙudus, suka samu kututtukansu na ƙarni na 11 da na 12 ne.

Ni dai ina ganin a shuka. Mai gida a Babban Giji zai iya samun kyakkyawar bishiya mai ganye ruwan azurfa wadda ba ta kaɗewa da rani. Idan 'ya'ya yake so, ya nemi dashen reshe, ya sa shi inda rana ke bugawa ruwa kuma ke wucewa, ya lura da abin da hunturu zai yi masa.